Anguryar Gimbiya

Tun shekarar 1929 da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda ake lodin audugar ƙasar Zamfara zuwa Kudu, amma mutanen ƙauyen su Gimbiya, a ƙasar Zurmi, ba sa sayar da tsinkar farko. Da ita tsofaffinsu mata ke kaɗa zaren likkafaninsu.

Ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, kowa ya ɗauki hatsi, ita kuwa Gimbiya ta ɗauko buhun auduga da dutsen gurza. A kangon da aka ba su aro a Kaura ta zauna tana murza ƙarfe bisa dutse, angurya na faɗawa cikin ƙwarya, farar auduga na taruwa a cinyarta. In ta gurje, sai ta shiɓe ta da ɗan baka har ta yi laushi, sannan mazari ya karɓa. Burinta ɗaya: a naɗe ta da abin da gonarta ta haifa.

"Inna, mutuwa taki da ado take," in ji Kubura, matar ɗanta Namadi. "Ga yadi nan cike da kasuwa."

"Yadin da ban san uwarsa ba? Ke dai adana mini anguryar nan. Iri ce."

Wata bakwai tana wannan aiki, kafin wani masaƙi ya mayar da zaren farin likkafani, daidai na mutum ɗaya.

Da kaka ta yi, Namadi ya koma ƙauye don ya yanko geron da ya shuka a ɓoye. A kwana na uku aka kawo shi a amalanke, an rufe shi da buhu. Maƙwabta suka tashi za su nemo yadi. Gimbiya ta tsai da su, ta kwance ƙunshinta, ta miƙa farin.

"Shi ya nome audugar nan," ta ce. "Ya fi ni haƙƙi."

Bayan sadakar bakwai ta kira surukarta. "Kawo mini ƙwaryar nan. In an ba mu ko bayan katanga ne, da damina na shuka wata."

Kubura ta durƙusa, idonta a ƙasa. "Inna, ki gafarce ni. Lokacin da dusa ta gagara, akuya na riƙa ba."

Gimbiya ta daɗe tana duban dutsen gurzar. Sannan ta kife shi, ta tura shi gindin bango.