Wuyan Kaftin Abdulfattah

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin likitan ƙashi a wani asibiti a Madina. Na ga masu taurin kai iri-iri, amma ban taɓa ganin mutum biyu da suka dace da juna kamar Lurwanu, ƙanin matata, da Ba'amurkensa ba.

Lurwanu haifaffen nan ne, kakansu ya taso daga Damagaram ya zo aikin hajji bai koma ba. Ya yi shekara goma sha biyar a matatar mai a Yanbu, sai wata rana ya ajiye aikin ya dawo ya buɗe gidan motsa jiki a unguwar Ƙuba, a saman wani shagon sayar da tayoyi. Shi kansa ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi farantin shinkafa nauyi ba.

Wata Juma'a muna cin abinci a gidana ya turo mini wayarsa.

"Yaya Duktur, shuf, duba nan. Ka san wannan?"

Hoton wani ƙaton Bature ne babu riga, kunnuwansa sun dunƙule kamar ƙosan da ya kwana.

"Grady Holcomb," in ji Lurwanu. "Yanzu Abdulfattah, ya musulunta. Zakaran duniya ne, wallahil azim. Ya zo umara, na same shi, ya yarda zai zauna ya koyar a wurina."

Matata Rabi'a, wadda ita ce yayarsa, ba ta ko ɗago kai daga kwanonta ba. "Zakaran duniya ne zai zauna a saman shagon taya?"

Washegari na bincika tarihin mutumin. Ɗan jihar Nebraska ne. Tun yana shekara bakwai yake kokawa irin tasu, wadda ake yi a kan shimfiɗar roba, a kayar da mutum a danne kafaɗunsa a ƙasa. A jami'a ya taɓuka abin kirki, wannan ba zan hana shi ba: sau biyu yana kaiwa wasan ƙarshe na yankinsu, sau biyu ana kayar da shi. Da ya gama karatu ya ga kokawa ba ta ciyar da kowa, sai ya shiga faɗan keji, inda ake haɗa naushi da shuri da shaƙa. Ya ci faɗa bakwai a jere, dukansu da dabara ɗaya. Zai sunkuya ya rungumi ƙafafun abokin karawarsa, ya kai shi ƙasa, ya kwanta a kansa kamar buhun masara har lokaci ya cika, 'yan kallo suna ta ihu a tashe su. A faɗa na takwas wani siririn ɗan Brazil ya gane karatun. Ya jira shi ya sunkuyo, ya tarbe shi da gwiwa. Daƙiƙa goma sha tara aka yi. Daga nan ya sha kashi sau huɗu, aka kama shi da allurar ƙarin ƙarfi aka dakatar da shi shekara biyu, ya koma sayar da tsofaffin motoci. Kambun da Lurwanu yake kira na duniya kuwa, a ɗakin taron wani otal aka ba shi, ɗakin da ake bikin aure a cikinsa ranar Asabar.

Musuluncinsa ban taɓa shi ba. Wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, kuma na sha ganinsa a sahun farko a masallacin Ƙuba. Bakinsa ne ya dame ni.

Kaftin Abdulfattah, haka Lurwanu ya sa ake kiransa, ya fi koyarwa da baki a kan jiki. Sau ɗaya na leƙa wurin, na tarar da magidanta masu tumbi sun kewaye shi, malaman jami'a da injiniyoyi 'yan Najeriya har da wani mai kantin magani ɗan Sakkwato, yana ba su labari da Turanci, Lurwanu yana juyawa zuwa Larabci yana ƙara gishiri. A bakinsa ɗan Brazil ɗin nan ya zama ƙato mai kilo ɗari da ashirin, kuma alƙalin wasa ne ya yi gaggawar tsayar da faɗan. Allurar da aka kama shi da ita ta zama maganin mura. In wani ya ce ya nuna musu yadda ake kaye, sai ya ce yau ranar numfashi ce, kowa ya zauna ya ja iska.

Bayan wata huɗu mutane suka fara gajiya da jan iska. Sai Lurwanu ya samo dabara: Kaftin zai koma keji. Wasu masu shirya wasa a Jidda sun ce za su ba shi faɗa ɗaya da wani yaro ɗan Uzbekistan mai shekara ashirin da uku. Shi kuwa Kaftin yana da arba'in da ɗaya. Abin da ya rage kawai shi ne takardar likita.

Suka zo ofishina ranar Lahadi da hantsi. Na ce Kaftin ya cire riga, na sa ya juya wuyansa. Dama ya tafi, hagu ya tsaya a rabin hanya. Na ba shi yatsuna biyu na ce ya matse. Hannun dama ya kusa karya ni, na hagu kuwa kamar gaisuwar mara lafiya. Na tura shi aka ɗauki hoton wuyan. Da hoton ya fito na juya musu allon.

"Ka ga nan?" na ce masa da Turanci. "Ƙashi na biyar da na shida sun matse lakarka. Shi ya sa hannunka ba ya kamawa. Kai kuma da kai kake shiga faɗa, kana sunkuyawa. Bugu ɗaya mai kyau, sai dai a riƙa juya ka a gado."

Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya kawo wa shawara. "Likita, an taɓa gaya mini haka a gida. Likitoci matsorata ne, ba su san zuciyar mayaƙi ba."

"Su nawa suka gaya maka?"

"Uku."

"To, ni ne na huɗu."

Lurwanu ya matso da kujerarsa. "Yaya Duktur, sa hannu ne kawai, khalas, shi ke nan. Na riga na buga hotuna, na manna har unguwar Ƙiblatain. Ka san me mutane za su ce?"

"Ka ce musu wuyansa ya lalace."

"Haba, ya akhi! Ni fa ƙanin matarka ne."

"Da wuyanka ne ma ba zan sa ba."

Suka tashi. A bakin ƙofa Kaftin ya juyo ya ce zai ambaci sunana bayan ya ci faɗan, don duniya ta san wanda ya yi shakkarsa. Na ce ya tabbata ya faɗe shi daidai, Ya'u ne, ba Yahu ba.

Da na gaya wa Rabi'a ta kira ƙanin nata ta wanke shi tas, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ta ce masa mutumin nan baƙo ne, ba shi da kowa a ƙasar, in ya nakasa alhakinsa a wuyansa. Lurwanu ya ce ita mace ce, ba ta fahimci wasanni ba, ya kashe waya. Bayan kwana uku ya samo takarda daga wani ƙaramin asibitin kuɗi, inda aka auna wa Kaftin jini da tsawo aka ce garau yake.

Ban je Jidda ba. Washegarin faɗan da safe Rabi'a ta ajiye mini waya kusa da kofin shayi, bidiyon faɗan a buɗe. Na ga Kaftin ya shigo da rawani a kansa, Lurwanu a bayansa yana ɗaga kambun otal. Aka buga ƙararrawa. Ya zagaya sau ɗaya, ya sunkuya ya nufi ƙafafun yaron, daidai yadda ya yi shekara goma sha biyu da suka wuce. Yaron ma ashe yana da waya, ya kalli faɗan ɗan Brazil ɗin nan da na kalla. Ya ja da baya taku ɗaya, ya danna kan Kaftin ƙasa da hannu biyu, ya ɗora masa gwiwa. Kaftin ya kife bai ƙara motsi ba. Yaron ya tsaya yana kallon alƙalin wasa, kamar mai tambayar ko shi ke nan.

Allah ya taƙaita. Aka yi masa aiki a Jidda, aka ɗaure ƙasusuwan biyu da ƙarfe. Ya tashi da ƙafafunsa, amma hannun hagu ba zai ƙara wuce kafaɗa ba. Lurwanu ya kai masa ziyara sau ɗaya, ya ɗauki hoto da shi a gadon asibiti, ya watsa da rubutu cewa zaki ko ya faɗi zaki ne.

Da aka sallami Kaftin ya dawo Madina ya kwashe kayansa. 'Yar'uwarsa ta taso daga Amurka tana jiransa a Jidda, tun da ita ba musulma ba ce, ba za ta shiga Madina ba. Ranar tafiyar Lurwanu ya ce yana da uzuri a Yanbu, don haka ni na kai shi tashar jirgin ƙasa. Yana zaune a gefena da abin tallafe wuya, ba ya iya juyowa, sai dai ya yi magana yana kallon titi.

Mun wuce tsofaffin gonakin dabino ya ce, "Likita, tun ina shekara bakwai ake tafa mini in na kayar da mutum. Ban iya komai ba sai wannan."

A karo na farko na ji tausayinsa ya kama ni sosai, har na fara neman abin da zan ce masa.

Sai ya ci gaba. "Amma ka lura da shimfiɗar kejin? Akwai gumi a wurin, zamewa na yi. An ce akwai wani likita a Meziko da ke gyara irin wannan da allura uku. Ka ba ni shekara ɗaya."

Na ƙara wa rediyo murya. A tasha na ɗaukar masa jakarsa har bakin ƙofa, na rubuta masa magungunansa a takarda da manyan baƙaƙe, na ce ya ba 'yar'uwarsa, kada ya riƙe da kansa.

Gidan motsa jikin ya yi wata biyu ya rufe, mai tayoyi ya mayar da saman wurin ajiyar kaya. Lurwanu ya koma neman aikinsa na Yanbu, suka ce sun ɗauki wani. Yanzu yana cewa zai shigo da tsuntsayen gasar tsere daga Holan, kuma ya riga ya fara tambayata ko na san likitan dabbobi mai sauƙin kai.