Wandon da Ba Shi da Aljihu

Duk wanda ya kafa dokar cewa mai neman aikin kaki sai ya zo gwajin gudu da farar singileti da farin gajeren wando, na tabbata ƙirjinsa bai taɓa ɗaurewa ba. Wandon ko aljihu ɗaya babu. Ni kuwa, Meshach, tun ina firamare nake yawo da inhela, maganin shaƙa, saboda asma.

Zuwana na uku ke nan, kuma na ƙarshe, don wata mai zuwa zan cika talatin, daga nan ba sa ɗauka. Yayana Zacharias, makanike a Apo, shi ya rako ni. A bakin ƙofa ya karɓe jakata da inhelar a ciki.

"Kada ka bari su ga wannan abu," in ji shi. "Suna gani, out. Ka daure, ten minutes ne kawai."

Nas a asibiti ta sha gaya mini in shaƙa sau biyu dab da fara gudu. To, ina hali? Tun bakwai aka zaunar da mu a layi, jami'ai na kewaya mu, sai sha ɗaya aka busa usur. Na gaji tun ban ɗaga ƙafa ba.

Wata biyu na yi ina atisaye a Kubwa da sassafe: in ja iska ta hanci taku biyu, in sake ta a hankali ta baki taku uku. A filin gwaji, zagayen farko abin ya yi aiki. A na biyu wata tsohuwar motar sintiri ta shiga gabanmu, wai tana nuna hanya, tana bulbulo mana baƙin hayaƙi. Na yi tari sau ɗaya, lissafin ya watse. Iska ta shiga ta ƙi fita. Na koma haki ta baki da sauri da sauri, abin da aka hana ni, ƙirjina yana fito kamar buta a kan wuta.

Saura rabin zagaye na fita daga layi, na dafa wayar shinge inda Yaya yake tsaye.

"Meshach, ka kusa fa. Oga yana kallo."

"Yaya... ba ni."

Ya dubi jami'in, ya dubi leɓena. Ya zuge jakar, ya turo mini inhelar ta ramin waya. Na shaƙa a gaban kowa. Jami'in ya karanta lambar da ke ƙirjina, ya ja layi a takardarsa, ya wuce. Ko tsawa bai yi mini ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Muka hau motar Kubwa, har muka wuce unguwar Dutse. Yaya na rungume da jakar, idonsa a waje.

"Me za mu gaya wa Mama?" in ji shi.

Na jingina kaina da gilashi.

"Ka ce mata na dawo."