Kiran Suna a Ajin Gyaran Inji

Injin ban-ruwa biyu, duka matattu. Akwatin kayan gyara goma sha biyu. Galan ɗin fetur, galan ɗin baƙin mai. Allo, alli, takardar sunaye. Abin da ke bayan motar ke nan lokacin da suka wuce shingen sojoji na ƙarshe, suka saki kwalta, suka gangara wajen kogin Komadugu.

Karima na zaune gaba, kusa da direba Abbakar. Shekara huɗu ta yi a Wagadugu tana koyon injuna. Wata biyu ke nan da dawowarta Diffa, kuma wannan ne aikinta na farko: kwana biyar za ta koya wa mata goma sha biyu gyaran injin da suke ba tattasai ruwa da shi. A kan gwaji ofishin da ya shirya horon ya ɗauke ta. Shugabanta, Shef Muhsin, ya faɗa mata har sau biyu, hoton aji da takardar sa hannu su iso masa kafin azahar, in ba haka ba a soke zaman.

Ɗakin ajiyar manoman ƙauyen aka share musu. Da ta shiga ta tarar da maza goma sha ɗaya a kan tabarma, kowa da hularsa. Bulama Maina, mai garin, yana kan kujera. A bakin ƙofa daga waje wata dattijuwa ta zauna ta miƙe ƙafa.

Karima ta gaishe su, ta ɗauka 'yan tarba ne. Ta buɗe takarda.

"Juwairiyya Kyari."

"Na'am," in ji wani mai furfura a gemu.

Ta dube shi. Ta koma kan takarda.

"Safara'u Grema."

"Ga ni," in ji wani ƙato daga baya.

"Kai ne Safara'u?"

"Yau dai ni ne."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Safara'u, ina kika bar ɗankwalinki?"

Ta kira sunayen har ƙarshe. Goma sha ɗaya maza suka amsa. Na ƙarshe, Yakaka Muhammad, daga bakin ƙofa aka amsa shi.

"Ni ce, 'yar nan. Tun da muka ƙetaro kogi ba ni da mijin da zai zo ya zama ni."

Karima ta naɗe takardar. "Baba Bulama, mata aka rubuta."

"An rubuta," in ji Bulama. "Ku kuka ce sai sunan mata, muka ba ku. Abin da miji ya koya ai ya shiga gida."

"Wa ke tayar da inji da safe?"

Can Grema, mijin Safara'u, ya gyara zama.

"Madam, injin nan ni na saye shi."

"Ban tambayi wanda ya saya ba."

"Grema," in ji Yakaka, "kai da injin nan bana ko gaisawa ba ku yi ba. Kana kasuwar Diffa kana zaune kan buhu. Yau injin kwanansa huɗu a mace, matarka da bokiti take ba da ruwa, ana jiran makaniki."

"Ya Yakaka, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake."

Bulama ya ɗaga hannu aka yi shiru. Bai ɗaga murya ba.

"'Yata, ki ji. Tattasai ya nuna. In matan nan suka zauna miki a ɗakin nan kwana biyar, wa zai tsinke shi? A kan icensa zai lalace. Kun zauna a biro, can ofishinku, kun zaɓi mako, kun zaɓi ƙarfe takwas, ba wanda ya zo ya tambaye mu."

Karima ta gyaɗa kai. "Wannan gaskiya ce, Baba."

Wayarta ta yi ƙara. Ta fita inda motar take.

"Karima, ina hotona?" in ji Shef Muhsin.

Ta gaya masa abin da ta tarar. Bai yi mamaki ba.

"Ko'ina haka ake yi. Sa su dangwala, yatsa ba ya nuna mace ko namiji. Hoto kuma, samo mata uku su tsaya a gaba su riƙe sufana."

"In na yi haka, akwatunan nan a kasuwa za su kwana. Injin Safara'u yana nan a mace."

"Wace ce Safara'u?"

"Ta biyu a takardarka."

"Ki saurare ni. Ba Wagadugu kike ba. Kin san gwaji kike yi?"

"Na sani, Shef."

"To, azahar." Ya kashe.

Ta tsaya tana duban injunan biyu a bayan mota. Ita ta kashe su da hannunta jiya, ta toshe wannan, ta sassauta wancan, don masu koyo su gano. Ta koma bakin ƙofa ta durƙusa kusa da dattijuwar.

"Ya Yakaka, yaushe kuke hutawa a gona?"

"In rana ta take. Mu koma inuwa har ta ɗan karya."

"Duka wuri ɗaya?"

"Akwai tsamiya kusa da injin Safara'u. Nan muke cin abinci."

"In inji ya tashi amma ruwa bai fito ba, me kike yi?"

"Iska ya sha. Sai in cika masa ciki da ruwa. In ya ƙi, in zage shi, in jira makaniki."

"Rabi kin sani. Sauran rabin ba ya wuce kwana biyar."

Abbakar ya matso ya rage murya. "Madam, can ƙasa babu rezo, waya ba ta shiga. In muka gangara, Shef ba zai ga hoto ba sai la'asar. Ni direba ne, ba ruwana. Ke nake ji."

"Na ji."

Ta shiga ɗakin. Mazan suka bar hira.

"Baba Bulama, mako da lokaci kuskurenmu ne, na gyara. Ajin ya koma ƙarƙashin tsamiya, daga tsakar rana, awa biyu kullum. Akwati na mai suna ne, hannu da hannu. Wanda ya ga awa biyu ta yi wa tattasai yawa, ya zo ya karɓi matarsa tsinka."

"Mu za mu yi tsinka?" in ji Grema.

"Ai kai ne Safara'u yau," in ji mai furfurar. Dariyar ta fi ta ɗazu. Bulama bai yi ba, bai kuma hana ba. Ya dai ce wa Grema, "Injinka za a fara tayarwa. Ka yi shiru."

Yakaka ta riga ta miƙe tana kaɗe zane. Karima ta taimaka mata ta hau bayan direba, ta zagaya ta shiga gaba. Wayar ta sake ƙara. Ta duba sunan, ta kife ta a kan cinya, ta ja ƙofa ta rufe.

"Gona, Abbakar. In Shef zai soke, ya soke gobe. Yau akwai aji."