Zaren Baba Mai Rijiya

Shekara arba'in da ɗaya Baba Mai Rijiya ya yi yana shiga cikin ƙasa, kuma ba ruwa kaɗai yake tonowa ba. Idan diga ta wuce jar marmara ta taɓa farin dutse mai taushi, sai ya riƙa cin karo da katantanwar da ta zama dutse, da baƙaƙen haƙoran kifi. Abokan aikinsa wurgarwa suke yi. Shi kuwa sai ya cusa a aljihu, yana cewa, "Wallahi teku ya taɓa kwanciya a garin nan." Dariyar da aka yi masa ba ta ƙirguwa. Har surukinsa, wanda ko ramin gyaɗa bai taɓa haƙawa ba, kan tambaye shi ko ya kamo kifin miya.

Baba bai yi boko ba, amma yana da nasa rubutun. Kowane dutse sai ya ɗaura masa zare daga ragowar ɗinkin matarsa. Launin zaren ne sunan rijiyar, ƙullin da ke jikinsa kuma zurfin wurin: kowane ƙulli na nufin zurfin gaba guda. Rijiya goma sha ɗaya ce ta ba shi irin waɗannan duwatsu. Da gwiwoyi suka ƙi shi, ya kwashe su duka, ɗari uku da 'yan kai, ya kai gidan adana kayan tarihi. Tsohon shugaban gidan ya rubuta wane launi ne na wace rijiya, ya ce sauran zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai bi ba har ya yi ritaya.

Bana sai ga wata Malama mai nazarin duwatsu daga jami'a ta yi sallama a zaurensa. Ta ce in dai zaren nan yana nan, za ta zana inda tekun ya kwanta da zurfinsa, unguwa unguwa, a takardar da duniya za ta karanta. Teku ta ce, da bakinta, kuma ba ta yi dariya ba. Baba ya saka rigar Juma'a ranar Talata, suka tafi.

Sabon shugaban ya tarbe su da fara'ar da ta fi bakinsa girma. Ya buɗe musu ɗakin, ya ja gefe yana jiran yabo.

Baba ya tsaya cik a bakin ƙofa. Duwatsun na nan cikin akwatunan gilashi, an wanke su tas, an shafe su da man goge katako suna ta ƙyalli. An jera su kamar tumatir a faifan kasuwa, manya a baya, ƙanana a gaba. Ko zare ɗaya babu.

"Ina zaren?"

"Wane zare, Baba? Au, tsummokaran nan? Ai mun yanke su. Baƙi na zuwa, ba ma nuna musu datti. Sati biyu muka yi da omo da buroshi."

"Kun yanke."

"Da almakashi, a hankali. Ko ɗaya bai karce ba."

Malama ta dafa bango. Baba ya juya wajen shugaban. Bai taɓa ɗaga murya a ofis ba, amma ranar ya ɗaga.

"Kai, yaro! Ka tambayi wa? Gidana ɓata ya yi? Ni na mutu ne? Ka ga abu da ƙulli a jikinsa, wani tara, wani sha huɗu, zuciyarka ba ta ce maka mutum ne ya zauna ya ƙulla ba?"

"Baba, a yi haƙuri, tsari ne na zamani..."

"Tsarin banza! Gaba sha bakwai na sauka a rijiyar bayan makaranta, iska ta ƙare mini, sai janyo ni aka yi kamar guga, haƙorin kifin yana cikin bakina don kada ya faɗi. Nuna mini shi. Wanne ne a cikin waɗannan? Nuna mini, mai takardu!"

Shugaban ya kalli haƙoran. Sun kai sittin, duk baƙaƙe, duk suna sheƙi. Abin haushin ma, ba mugunta ce ta sa shi ba. Mutumin tsakani da Allah ya ɗauka gyara ya yi, kuma irin wannan ɓarnar ta fi ciwo, don ba ka da wanda za ka shaƙe.

Mai sharar gidan, wata dattijuwa da ke laɓe da tsintsiya, ta matso. "Yaya, ban zubar ba. Na ga zaren da ƙwari, na ce zai yi ɗaurin tsintsiya." Ta kawo wata leda ta zazzage a kan tebur. Ga su nan tuli guda, ja da kore da ruwan ɗorawa, ƙulle-ƙullen duk suna nan yadda ya yi su.

Shugaban ya washe baki. "Alhamdu lillahi! Ka ga, ba abin da ya ɓata. Sai a mayar."

Baba ya zaro wani shuɗi, ya bi shi da yatsa. Sha bakwai. Ya riƙe shi a hannun dama, ya buɗe gilashin ya ɗauki haƙori ɗaya da hagu.

"Baba," in ji Malama a hankali, "ko za ka iya tunawa? Ko goma ne, sun ishe ni farawa."

Ya juya haƙorin, ya shinshina. Da, ƙasar da ke maƙale a jiki kaɗai ta isa ta gaya masa rijiyar. Yanzu ƙamshin mai kawai yake ji. Ya ajiye, ya ɗauki wani, ya ajiye. Yana iya nuna kowanne ya ce shi ne, ba mai ƙaryata shi. Amma ba zai ba wa matar nan ƙarya ta kai wa duniya da sunansa ba.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Shugaban ya gyara tsayuwa, biro a hannu. "To Baba, katin bayanin da za mu liƙa fa? Me za mu rubuta?"

Baba ya tusa zaren a aljihun rigarsa, ya ɗauki sandarsa.

"Rubuta dutse."