Alwalar Majemi

"Ɗauke akushin nan daga gabana," in ji Baba Mika'ilu.

Iya Huseina ba ta ɗauke ba. Durƙusawa ta yi, ta ƙara turo shi har ya taɓa bakin buzun da yake zaune a kai. Tuwon dawa ne da miyar kuka. A sama an ɗora jelar ragon layya, wadda ta yi wata guda a rataye saman murhu tana shan hayaƙi saboda wannan ranar.

"Loma nawa ce a ciki, ɗan kawu? Akuyata ma ta fi ka ci."

"To kai mata."

Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin. Sunana Uwaisu, danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Garu. Shekarar ce na gama Midil a Kano na dawo Dutse ina jiran takardar aiki daga En'e, hukumar mulkin sarki. Takardar ba ta zo ba. Su kuma ba su da ɗa a raye. Da ciwo ya kwantar da Baba, ni na zama mai ɗaga shi, ni mai kwantar da shi. Kada a ce kirki ne. Ba ni da abin yi, kuma a gidanmu an gaji da ganina zaune.

Ciwon ciki ne. Duk abin da ya shiga sai ya fito, ba ya jira a kai shi bayan gida. An yi jiƙo, an sha rubutu, wanzami ya zo ya tafi. Da aka ambaci asibitin Nasara na Kano, Baba ya ce jaki zai ƙarasa shi kafin a kai Wudil. Kwana uku kafin Cika-ciki ya samo wa kansa dabara: ya daina ci. Ruwa kawai, kurɓi biyu bayan kowace salla. Cikin ya yi shiru. Alwalar azahar ta fara kai shi la'asar. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga, amma fuskarsa ta sake, yana ma zolayar mutane.

Majemi ne. Shekara hamsin hannunsa na cikin ruwan toka da bagaruwa da kashin tattabara, yana jeme fatun mutane. Warin jima ba ya jin wanka. Yana da fararen riguna biyu na salla a cikin adudu, ba su taɓa ganin majema ba. Wanka kafin azahar, wani kafin magariba. Duk da haka in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya ɗan gyara tsayuwa. Ni ma na gyara, lokacin ina yaro.

Liman ya zo dubiya kwana ɗaya kafin nan. Ya ce masa mai lalura irin tasa an yi masa sauƙi, ya ci abincinsa, sallarsa ta yi ko da abin ya zubo.

"Na san hukuncin, Allah gafarta Malam," in ji Baba. "Ba shi nake tambaya ba. Shekara hamsin ana matsawa in na tsaya. Tsayuwa ɗaya ta rage mini. Ina so in je ta fes."

Liman ya yi addu'a ya tafi.

To ga shi tara ga wata ta zo, ranar Cika-ciki. An idar da magariba, Baba ya yi tasa a zaune da farar riga. Duk unguwa ƙamshin nama ne, kowane gida tukunya biyu. A waje samari sun kunna damin kara suna wowwo, taubashi na bin taubashi da wuta, ana dariya ana zage-zage. Su Baba ma taubasai ne, ɗan kawu da 'yar gwaggo, auren gida aka yi musu. An ce da ƙuruciya ta taɓa ƙone masa hula a irin wannan rana.

Iya ta zauna dirshan a ƙasa. Muryarta ta sauya.

"Malam, ba wasa nake ba. Ka san abin da aka ce."

"Wa ya ce?"

"Innata ta ce, kakarta ta ce. Duk garinmu Ringim an sani. Wanda ya kwana da yunwa a daren nan, in ya mutu a shekarar, da garwashi za a cika masa cikin."

"Gwaggo ta ce in an nuna bakan gizo yatsa zai ruɓe. Ga nawa goma."

"Kana dariya."

"Ina da alwala, Huseina. Kwana uku ke nan ban ɓata riga ba. Ki bar ni haka."

Ba ta ce masa zai warke ba, shi ma bai ce ba. Su duka sun san shekarar da ake magana ba za ta kai wata ba.

Sai ta juyo kaina.

"Kai ɗan Midil. An ce kun karanta na Larabawa kun karanta na Nasara. Gaya masa."

"Gaya mata dai," in ji Baba. "Ka ce mata babu wannan magana, ta kwana lafiya."

Kalma ɗaya yake nema a bakina. Da na ce babu, da ƙila ta ɗauke akushin. Amma a makaranta an koya mana kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, kuma ina alfahari da wannan, don shi kaɗai na dawo da shi.

"Ni dai ban gani a littafi ba, Iya."

"Ka gama littattafan duniya?"

"A'a."

"To."

Ta juya ta kalli bango. Ba kuka take da sauti ba, kafaɗarta ce kawai ke motsi. Can ta fara magana, kamar ba da mu take ba.

"Bakwai na binne. Ba wanda ya tafi da yunwa a hannuna. Ɗan'inna ma, da maƙogwaronsa ya toshe, sai da na ɗiga masa kunu da tsumma. Kai za ka tafi ka huta. Ni ce zan zauna a ɗakin nan. Duk sanda na hura wuta in ga garwashi, in ce ga abin da ke cikin ɗan kawu, kuma ina da tuwo a hannu ban ba shi ba."

Baba ya daɗe yana kallon bayanta. Ya kalli rigarsa. Ya shafa ta a gwiwa, ya miƙar da wata 'yar tattara. Ni kam bai kalle ni ba.

"Uwaisu, matso da shi."

"Baba..."

"Matso da shi, na ce. Bismillahi."

Ni na riƙe masa akushin. Loma ɗaya. Biyu. Ta uku ta tsaya masa a wuya, na ba shi ruwa. Iya ta juyo, ta yago masa kitsen jelar da yatsa ta sa masa a baki.

"Ka ƙoshi?"

Na sunkuya kusa da kunnensa.

"Ce mata ka ƙoshi kawai, Baba. Ya isa haka."

"In yi ƙarya da alwala a jikina?" Ya faɗa a fili, ta ji. "Kwana uku ban ci ba, loma uku za ta ƙosar da ni? Ƙaro, 'yar gwaggo. Miyar ba gishiri, amma ƙaro."

"Bakinka ne ba gishiri."

Ya ci rabin akushin. A hankali, yana hutawa, gumi na tsatso masa a goshi. Da ya ture hannuna sai ya yi gyatsa, ya ce alhamdu lillahi.

"Yanzu na ƙoshi. Allah shaida."

Ta ɗauki akushin ta fita tana share fuska da bakin zane. A tsakar gida na ji tana kiran maƙwabciya, wai Malam ya ci, Malam ya ci da yawa.

Innata ta aiko a kira ni. Na je na ci nawa tuwon, har da ƙari. Ina faɗa ne don haka aka yi.

Bai kai lisha da alwalarsa ba. Abin da ya biyo baya ba zan kwatanta ba. Sau tara na wanke shi kafin gari ya waye. Rigar farko ta tafi, ta biyu ta bi ta. Randar gidansu ta ƙare, na kwaso ta gidanmu. Sau biyu ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sau biyu ya sauke. Bai yi ƙorafi ba. Ya dai daina zolaya, ya juya fuska bango duk sanda na ɗaga shi. Lisha ta wuce shi, asuba ma ta wuce.

Da rana ta fito na tarar da Iya a gindin dabinon tsakar gida tana wanke rigunan da toka. Ta wanke, ta shinshina, ta sake wankewa.

"Ni na yi masa wannan," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na tsaya ina kallonta.

"Amma ya ƙoshi. Ka ji da kunnenka."

"Na ji, Iya."

"To mene ne kake kallona haka?"

Na ɗauki tulu na tafi rijiya. Gari shiru. Wasu na azumi, wasu na kwance da nauyin ciki. Hanya duk tokar kara ce da guntayen ƙasusuwa, karnuka na ja. A bakin rijiya wani taubashina ya tare ni yana nuna mini inda aka ƙona masa wando. Na wuce shi.

Da hantsi cikin Baba ya lafa, don ba abin da ya rage a ciki. Idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe ya tsage. Ya yafito ni da yatsa.

"Cikin ya yi shiru. Maza, kafin ya tuna da ni. Ina bin... ana bina lisha da asuba."

"Rigunan ba su bushe ba, Baba."

"Nemo ko mene ne."

Na tsallaka gida na ɗauko farar rigata ta makaranta, wadda nake ajiye wa ranar da za a kira ni aiki. Na wanke shi karo na goma, na sauya buzun da sabuwar tabarma, na sa masa rigar. Ta yi masa yawa. Iya ta leƙo daga ƙofa da jiƙaƙƙun hannaye.

"Kai, ga malamin En'e," ta ce. Muryar ba ta fita daidai ba.

"'Yar gwaggo," in ji shi. "Wasan bana ke kika ci."

"Malam, ka yafe..."

"Je ki shanya rigunan. Kada akuyarki ta ci."

Ta tafi.

Na jingina shi da bango, na sa ƙwarya a gabansa, na cika shantali da ruwa. Niyyar da kansa ya yi, na ga leɓensa. Ni na zuba, shi ya cuɗa hannu. Ya kurkure baki, ruwan ya zubo ta gefe, na tare da tafin hannuna kada ya taɓa rigar. Ya shaƙa, ya fyace. Fuskar ya wanke sau ɗaya, ya huta, ya ce in cika masa sauran biyun. Hannun dama zuwa gwiwa. Na hagu. Tabon jima har yanzu yana nan a farcensa, baƙi-baƙi, ya tsaya yana kallo.

"Wannan ba najasa ba ne," ya ce. "Rini ne kawai."

"Na sani, Baba."

"Ka gani a littafi?"

Ya yi wani sauti, ina jin dariya ce.

Na kama hannunsa na shafa masa kai da shi, gaba zuwa ƙeya, na dawo. Kunnuwa. Numfashinsa ya fara tsayi, tsakanin ɗaya da ɗaya sai in ƙirga biyar.

"Yi sauri, ɗan Midil."

Na ja ƙwaryar zuwa ƙafafunsa. Na ɗaga ta dama, ba nauyi, kamar busasshen kara. Na zuba, na cuɗa dunduniya, duk faso. Na bi tsakanin yatsu. Sau uku na yi, don na san in na rage zai ce in sake. Na ajiye ta a kan tabarma, na miƙa hannu ga ta hagu.

"Baba, ɗan karkato."

Bai karkato ba. Na ɗaga kai. Kansa ya kwanta a kafaɗa, ruwa na ɗiga daga gemunsa a kan rigata. Na ƙirga biyar. Na ƙirga goma. Na kai ashirin, na bari.

Na yi salati a hankali, na rufe masa ido. Sannan na zauna da shantali a hannu ina kallon ƙafafun. Ɗaya jiƙaƙƙiya tana sheƙi. Ɗaya busasshiya, da ƙurar ɗaki a kanta.

Inuwar Iya ta tare ƙofa.

"An gama? In kawo masa carbi?"

"Saura ƙafar hagu."

Ta dubi fuskarsa. Ta daɗe. Ban ji ta ja numfashi ba, kuma ba ta yi kururuwar da za ta tara unguwa ba. Ta shigo, ta durƙusa, ta karɓi shantalin daga hannuna. Ta ɗora ƙafar a cinyarta, a kan zanen da ke jiƙe da ruwan toka. Ta zuba, ta cuɗa dunduniyar, ta tsattsefe yatsun ɗaya bayan ɗaya tun daga babban. Ruwan ya kauce wa ƙwaryar, ya bi daɓen ɗakin siriri har bakin ƙofa, ƙasa tana shanye shi. Ta sake zubawa.