Sif ɗin Amarya

Shekara arba'in da ɗoriya Malam Idris yana kiran matarsa Huraira da Amarya, har ta yi furfura, har ta goyi jikoki, har Allah ya karɓi abarsa a daminar bara. Da shi aka yi jana'iza, a sahun gaba ma. Amma ƙwaƙwalwar tsohon ta riga ta fara yoyo, don bayan sadakar bakwai sai ga shi yana tambaya ko Amarya ba ta dawo daga kasuwa ba. Aka gaya masa gaskiya, ya yi kuka kamar ranar aka yi mutuwar. Washegari ya sake tambaya. Daga ƙarshe shi da kansa ya samar wa ransa labari, wai ta tafi Garaku bikin suna a gidan ƙanwarta. Kowa ya yi na'am, aka bar shi a kan haka.

Jinyarsa a kan Mu'mina ta faɗo, autar gidan, malamar firamare a Jigwada. Yayyenta maza suna Abuja, daga can suke aiko da addu'a da shawara ta waya, kayan da ba su da nauyin ɗauka. Ita ta koma ɗakin Inna don yana kallon na Baba, ko tari ya yi za ta ji.

Ɗakin kuwa irin na matan da ne. Gadon katako baƙi mai rumfa, kabad cike da jeren langa da samira, sai sif mai ƙofa biyu da dogon madubi. Tun Mu'mina tana rarrafe, duk Juma'a Inna takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren da ita kaɗai ta san haɗinsa, ta saka cikin sif ta rufe don tufafi su sha. Cikin katakon ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Yanzu an raba tufafin, amma ƙamshin bai tafi ba. Duk sanda Mu'mina ta buɗe ƙofar sai ya buso mata a fuska, ta waiga da sauri kamar akwai mutum a bayanta. In hadari ya haɗo, ƙofar hagu takan buɗe da kanta a hankali, madubin ya juyo ya nuna mata gadon. Wata rana da azahar tsaka tana ninke zane ta ji bakinta ya ce "Na'am, Inna," alhali babu kowa a gidan sai ita da tsoho. Tsoro take ji, kuma tana jin kunyar a ce uwarta take tsoro.

Shi Baba kullum bayan la'asar sai an ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa. Ya yi sallama a bakin ƙofa, ya shiga, ya shafa gilashin kabad, ya buɗe sif ya sa kansa ciki ya ja numfashi. Sai ya ce, "Kayanta na nan. Ba za ta daɗe ba." Ya rufe, ya koma zaure. Mu'mina ta ɗauki wannan cikin rigingimun tsufa, kamar ɓoye goro da yake yi a hula ya dawo yana cigiya.

Lea ce ta kawo shawarar gyara. Ƙawarta ce tun sakandare, tana da shagon labule a Sabon Gari, kuma ba ta iya ganin ɗaki ta yi shiru.

"Ke, wannan ɗakin ai sai ya sa miki hawan jini," in ji ta. "Abeg, duba nan." Ta miƙa mata waya. Ɗakuna ne masu haske, katako ba fenti, faya-fayai a bango, shuke-shuke suna zubo ganye daga kanta. "Boho ake ce masa. Turawa faifan kakanninmu suke rataya wa bango suna yanga, ke kina da su a kicin suna shan ƙura. Ba sai kin sayi komai ba. Mu cire rumfar gadon nan, mu cire ƙofofin sif, mu goge fentin."

"Kayan Inna ne fa."

"To ƙona su na ce a yi? Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba."

Mu'mina ta kalli sif ɗin. Ba ƙofa, ba abin da zai buɗe da kansa. Ta ce to.

Suka dace da makon da yayanta Kabiru ya zo ya ɗauki Baba zuwa Abuja ganin likita. Kwanukan aka rarraba wa 'yan uwa, kowa da godiya. Ƙofofin sif Lea ta ɗora a keke-napep ta kai wa kafinta ya yanka su ya yi ɗan teburi. Da yake cikin sif ɗin yanzu a fili yake, dole a kankare baƙin nan. Suka fito da shi tsakar gida suka kama shi da samfefa. Ranar ƙamshin Inna ya tashi gaba ɗaya, ya cika gidan ya tsallaka katanga, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya wa ake yi wa aure. Mu'mina tana gogewa tana hawaye, ta ce ƙura ce. Da suka gama Lea ta share garin katakon ta zuba a bola, da yamma ruwan sama ya tafi da shi.

Maganar gaskiya, ɗakin ya yi kyau. Katakon ya fito fari sol, an shimfiɗa gwado a gado, faya-fayai sun zagaye bango, tukwanen ƙasa da shuke-shuke sun zauna inda tufafin Inna suke zama. Mu'mina ta shaƙi iska ba ta ji komai ba sai sabon katako. Ta yi barcin da rabonta da irinsa tun kafin rasuwar.

Ranar da aka dawo da Baba, la'asar na yi aka ji sanda. Ya yi sallama, ya ɗaga labule, ya tsaya. Ya miƙa hannu inda jere yake, ya taɓa gilashi ba komai a bayansa. Ya nemi ƙofar sif ya rasa. Duk da haka ya sa kansa tsakanin tukwanen ya ja numfashi, ya sake ja. Ya juyo, fuskarsa ta zama wata iri.

"Auta, yaushe suka zo?"

"Su wa, Baba?"

"Danginta. Yaushe suka zo kwasar kaya?"

Sai yanzu Mu'mina ta tuna abin da kowace yarinya ta sani: mace takan yi tafiya, takan yi yaji ma, amma muddin jerenta na ɗaki auren na nan. Ranar da aka kwashe kayan ɗaki kuwa, magana ta ƙare.

"Gyara na yi, Baba. Ni ce na..."

Bai ji ta ba. "Me na yi mata?" yake ta faɗa. "Ko maganar cefanen nan ce? Ai na ba ta haƙuri." Ya fita yana lissafa laifuffukan da suka shekara talatin da wucewa.

Ta yi duk abin da mai da-na-sani ke yi. Ta hau acaɓa zuwa wajen kafinta, ta tarar da ƙofofin sun zama teburi mai ƙafa huɗu. Ta bi gidajen 'yan uwa ta karɓo langa uku, da kunya da komai. Ta sayo turare a kasuwa ta kunna, tsohon ya shaƙa ya kawar da kai ya ce wannan na wata ce. Ya daina cin abinci. Da ka gan shi ka ga mutumin da aka guje wa.

Ranar Juma'a da hantsi ta same shi a zaure, ya sa babbar rigarsa ta Sallah a baibai, ga ƙullin goro a cinya.

"Ina zuwa, Baba?"

"Garaku. Biko zan je. Kira mini mai keke ya kai ni tasha. In ta ƙi dawowa, ko dalili ta gaya mini."

Mu'mina ta durƙusa a gabansa. Kusan shekara guda suna kare shi daga wannan magana, yau ga shi ba ta da wata kyauta da za ta ba shi sai ita. Ta riƙe hannunsa.

"Baba, Inna ba yaji ta yi ba. Rasuwa ta yi, tun bara. A ɗakinta ta cika, kana riƙe da hannunta. Kayan ni na taɓa."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Ba fushi ta yi da ni ba?"

"Ko kaɗan."

"Ba ta bar ni ba."

"Ba ta bar ka ba, Baba."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Sannan ya ce inna lillahi, kukan ya zo, irin na ranar farko. Ta zauna da shi har ya lafa. Ranar ya ci tuwo, ya ce a raba goron sadaka.

Washegari ta dawo daga kasuwa, ta yi la'asar, tana zaune a bakin gadon da ba rumfa. Ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda daga zaure, tana matsowa. Ya yi sallama a bakin ƙofa cikin fara'a, ya kira Amarya. Mu'mina ta amsa sallamar, ta miƙe, ta je ta tare shi kafin ya ɗaga labulen.