Gero a Cikin Silin

Shekarar da gyaɗa ta yi mini kyau na yi wa ɗakina silin, na sayi sola, har na sa fitilu huɗu irin waɗanda ake huda silin a cusa su ciki, fuskarsu kawai ake gani. Mutanen ƙauyenmu na gefen Minjibir har kallo suka riƙa zuwa, ni kuwa sai hura hanci. Tasi'u mai wayarin, mijin ƙanwata Safiyatu, shi ya yi aikin, kuma ya ja mini kunne: "Yaya Iliyasu, kada a ɗora komai a bayansu. Ta sama suke fitar da zafi."

Sai ga shekarun nan da kwanon gero ya gagari talaka. Rumbu ba ya ɓoyuwa, duk wanda ya shigo gida ya gan shi, in ɗan'uwa ya roƙa kuma ba ka da bakin hanawa. Tsoro ya koya mini dabara: na hau cikin silin, na shimfiɗa katako, na kwantar da buhu biyu. Ko matata Hafsatu ban gaya wa ba.

Ranar Talata Safiyatu ta zo. Ta daɗe tana kwana-kwana kafin ta ce yaranta kwana biyu ke nan rama kawai suke ci. Na dubi tsabar idonta na ce, "Wallahi babu ko ƙwaya a gidan nan." Ta ce Allah ya hore, ta tafi.

Ranar Asabar fitila ɗaya ta mutu, ɗakin ya ɗauki ƙauri. Ina gona Hafsatu ta aika wa Tasi'u. Na dawo da azahar na tarar da shi a kan tsani, Safiyatu kuma ta biyo shi gaisuwa, tana zaune a tabarma. Kafin in ce ya bari, har ya kai hannu. Ya sa yatsu ya janyo fitilar. Ashe buhu ɗaya ya zame ya danne ta, ɓera kuma ya huda shi. Gero ya tsiyayo shaa, kan hularsa, kan kafaɗarsa, kan zanen ƙanwata.

Kunya ta kama ni, da ƙasa za ta tsage da na shige. Tasi'u ya kakkaɓe hula, ya juya fitilar a hannu ya ce, "Zafi ne ya kashe ta."

Safiyatu ta tashi ta ɗauko tsintsiya. Ta share tas, ta tsince datti a faifai, ta zuba a ƙwarya. Da kyar na ce, "Ki tafi da shi. Akwai wani ma a sama."

Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar a gabana.

"A'a, Yaya. Ka rantse ka ce babu. In na ɗauka, ai na mai da kai maƙaryaci."

Ta karkaɗe bakin zanenta a cikin ƙwaryar, ta sa takalmi ta fita.